Ranar da kunyar suruki ta cinye mini ƙarfe biyu

Shekarun baya can, ban daɗe da buɗe shagon sassaƙar ƙarfe a Karaye ba, kuma aurena bai cika shekara ba, sai ga surukina da sassafe ya sauka daga babur tun daga Falgore. Injinsa na ɓarar gyaɗa ne ya tsaya ana tsakiyar kaka. Zoben da sandar injin ke zama a ciki ya cinye, ga gyaɗar mutane jibge a ƙofar gidansa gara ta fara yi mata sallama. Ya zo da jarkar man gyaɗa, saƙon surukata ga 'yarta, ya ajiye a bakin shago.

Na durƙusa muka gaisa, har aka tambayi lafiyar awaki. Ya ce, "Injiniya, an ce hannunka na da kyau. Yau zan gani."

Ƙarfen da ya dace guntu ɗaya gare ni, yanki daga sandar ƙafar tsohuwar babbar mota, wanda bai kai sifirin tauri ba, ya kuma fi rodi. Zobe uku kawai zai fitar. Aikin ba wuya: ka huda rami ya ɗan gaza, sannan ka bi shi da rima, wato ƙarfe mai kaifi a gefe da ke share cikin rami ya yi sumul. Sai dai rima ba ta son gaggawa, ba ta son ƙishin mai, kuma ba a juya ta baya. In rami ya yi kaushi, cikin mako zai ci sandar.

Duk na san wannan. Abin da ban iya ba shi ne ce wa suruki a'a.

Ya tsaya a kaina kamar mai jiran gawa. "Wannan injin naka ciwo yake yi? Ƙara masa wuta mana!" Na ce to. Na ƙara. Rima ta hau kuka, ramin ya fito da zane-zane kamar bayan kada. Na jefar, na ce ƙarfen ne da matsala. Ƙarya nake, Allah Ya yafe mini.

A na biyu na koma juyawa da hannu. Na yi nisa, na juya ɗauko mai ke nan, sai Baba, surukin nawa, ya ce bari ya taya ni. Ya kama hannun rimar ya murɗa ta baya, wai zai zaro ta ya duba ko ta gama. Na ji ƙarar da ta yi har cikin haƙorina. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, amma da bakina na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ya leƙa ramin ya ce, "Anya kuwa ka gama koyon nan?"

Saura guda. In ya lalace sai an je Kano neman ƙarfe, gyaɗa ta ruɓe, ni kuma sunana ya gama yawo a gidan su matata. Ga man yanka da nake zuba wa rima ya ƙare a kan na banza biyu.

Na sake durƙusawa, idona a ƙasa, gumi na bin bayana. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Don Allah a koma inuwa a zauna. In ana tsaye a nan ba zai yiwu ba."

Ya dube ni, ya gyara hula, ya tafi gindin darbejiya ya juya mini baya.

Na buɗe jarkar surukata ba tare da izinin kowa ba. Na tsiyaya man gyaɗa, na juya a hankali, gaba kawai, ina matsawa daidai, ina share garin ƙarfe, ina ƙara mai. Shago ya ɗauki ƙamshi kamar ana suyar ƙosai. Da na zaro, cikin ramin yana ƙyalli.

Na kai masa da hannu biyu. Ya zura yatsa ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya ce, "Ashe ka san gudu ne ke ɓata shi?"

Na ce na sani.

"Da juyawa baya?"

Na ce har shi.

"To me ya hana ka faɗa tun da safe? Ka bar ni tsaye a rana ina ta ɓarna, ga gyaɗar mutane tana jira!"

Na karɓi zoben na je na naɗe masa.

Har yau in na tuna sai haushi ya taso mini sabo, kuma na rasa wa zan ji wa, shi ko ni. Na dai gane cewa girmama babba daban, ƙyale shi ya ɓata abinsa daban. Yanzu akwai benci a gindin darbejiyar nan, kowa ya kawo aiki can nake nuna masa. Baba kuwa in ya zo ba ya jira a nuna masa, da kansa yake wucewa, ya zauna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni dai a nan aka kore ni."