Baban Jira na Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗan ɗakinsa da ke ƙarƙashin benen asibiti. Kafin ya zauna sai ya dafa na'urar, wato babbar kwamfutar asibitin, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Nas-nas suna tsokanarsa: "Baban Jira, ya jikin amaryar taka?"

"Da sauƙi," in ji shi. "Ta fi ku jin magana."

Shi ya haɗa shafin da 'yan uwan majinyata ke dubawa a waya don sanin halin da nasu ke ciki. A da sai ka yi ta dannawa har yatsa ya gaji. Ya gyara shi: wayarka ta yi tambaya sau ɗaya, tambayar ta tsaya a can har likita ya rubuta wani abu, nan take ya iso maka. Kowane mai jira da abin da yake kira zarensa, wato ɗan aiken da ke tsaye dominsa shi kaɗai.

Maigidana ya yi wata biyu a kwance a asibitin. Ni kuwa ina shagon ɗinki saboda yara, wayar tana gefen keke.

Ranar da wata motar haya ta kife aka cika asibitin da masu rauni, jama'a suka yi wa shafin caa, zaren ya ƙare, komai ya tsaya cak. Nas ɗin da ke wurin ta ba ni labari daga baya. Shugaban sashe ya ce, "Kashe shi kawai, su bugo waya."

Baban Jira ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ɗauka? Kowa na kan masu rauni. Ba ni minti goma."

Ya ture kwanon abincinsa. Ya saki zaren waɗanda suka rufe wayoyinsu, ya ƙara sabbi, gumi na ɗiga kan madannai.

A ranar, ina cikin kafa hannun riga wayata ta yi ƙara, sai ga saƙon likita: "Ki zo yanzu."

Na samu maigidana da sauran numfashi. Ya riƙe hannuna, ya ce in kula da yaran. Ko rabin awa bai ƙara ba.

Baban Jira, kai ne ka ba ni wannan rabin awar, ba ka ma san fuskata ba. Na ji wannan watan za ka ajiye aiki. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku riƙa dafa na'urar nan da safe. Akwai wata a wani shago, idonta na kan waya.