Kafso a Kunun Baba

Na tarar da Inna tana fasa kafso ja-da-rawaya a kunun Baba. Gudawa ta hana shi fita shagonsa na Tudun Wada, asibiti kuma ya ƙi.

Na ce, "Inna, maganin nan har ƙwayoyin hanji masu amfani yake kashewa. Irinsu ne likitoci ke tacewa daga bayan gidan mai lafiya, su warkar da wata gudawa mai naci."

Ta ajiye ludayi. "Mi kic ce? Kashi? Shi kik karanto, ɗiyata?"

Baba ya miƙa hannu, ya shanye kunun tas.

Wallahi na gaji. Ku da kuka taɓa lallashin mahaifi ya yarda da gwaji, ta ina kuka fara?