Takalmin Almu a Ƙofar Coci

Almu ɗan wani ƙauye ne a gefen Malumfashi. Ya haura arba'in, dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma in zai gaishe da babba har ƙasa yake durƙusawa ko da ƙanƙara ta rufe bakin masallaci. Aikinsa tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti ta dawo da su. Yana zaune a Silver Spring, a saman wani shagon 'yan Habasha. Matarsa ta rasu tun a gida, kafin cacar biza ta faɗo masa, ba su haihu ba. Iyakar abin da muka sani ke nan lokacin da ya aiko neman auren Sadiyya.

Sadiyya 'yar ƙanena Malami ce. Nas ce, aurenta na fari ya mutu da daɗewa, kuma ita dai tana son Almu, ba ta ɓoye ba. Malami ne ya ce ba zai amsa ba sai an yi bincike. Da a gida ne, sai a tura mutum garinsu ya zauna a majalisa, ya sha shayi, ya dawo da labarin kakanni. A nan wa za a tura? Sai ya ɗora mini, wai ni ce babba, kuma tun da maigidana ya rasu na dawo wurin ɗana Kamal a Beltsville ba ni da aiki sai carbi da kallon mutane ta taga.

Na fara tambaya a hankali. Kowa ya ce ba ya shan komai, ba ya faɗa. Amma duk wanda na tambaya sai ya ƙara da cewa ba a ganin Almu ranar Asabar. Ba suna, ba walima, ba taron ƙungiya. Mutumin da ba shi da mata, ina yake zuwa?

Fatihu, abokin Kamal, shi ya kawo maganar da ta hana ni barci. Ya ce ya je kudancin Maryland sayen ragon suna, ya ɓata hanya, ya shiga harabar wata tsohuwar coci zai juya. Sai ga motar Almu a ajiye. A bakin ƙofar cocin kuma ga takalmi sau-ciki na jar fata, ɗinkin gida, an jera shi tsaf. Duk mai zuwa Juma'a ya san takalmin nan. Fatihu ya rantse, ya kuma roƙe ni kada in ce shi ya faɗa, alhali ya riga ya faɗa wa rabin Beltsville.

Ban kai wa Malami ba, don na san yana ji magana ta mutu. Na bari sai da Almu ya zo gaishe ni, na ce masa na gaji da kajin kanti marasa ɗanɗano, na ji ance can kudu akwai manoma masu keken doki da ke sayar da kaji masu rai, ko zai kai ni ran Asabar? Ya murza hularsa. Can ya ce, "Gwaggo, ba ni kaɗai ba ne a motar." Na ce ni ba ni da faɗi, ko'ina sai in zauna. A raina na ce, to, mace ce.

Macen ce kuwa. Na tarar da ita a kujerar gaba, tsohuwa tukuf, da ɗankwalin atamfa da farin gilashi a idon da ba ya gani sosai. A wuyanta akwai carbi mai gicciye. Na gaishe ta da Turancina na kame-kame, sai ta amsa da Hausar Katsina tsantsa, har da tambayar ya muka ji da sanyi. Sunanta Martha. Almu yana ce mata Inna.

Muka miƙi hanya. Gidaje suka ƙare, sai gonaki da tsofaffin rumbunan taba na katako, wasu rufin ya rufta. Martha ce ke magana, ni ina saurare ina auna kowace kalma. Ta ce uwar Almu ta rasu kwanaki kaɗan bayan suna, ita kuwa a lokacin tana goyon ɗanta Raymond, katanga ɗaya ta raba gidajen. Ita ta shayar da su biyun. Da ya isa karatu, ita ke kora shi makarantar allo da tsumagiya in ya laɓe. Raymond ne ya kawo ta ƙasar nan, daga baya aiki ya ɗauke shi zuwa wata jiha mai nisa, ita kuwa ta ƙi bin sa, tana gidan tsofaffi. Wani Fada, limamin coci, ya ba ta labarin cewa a wannan yankin 'yan Katolika suka fara sauka tun zamanin Turawan Ingila, cocinsu na dā suna nan birjik a bakin ruwa, sai ta ci alwashin zaga su kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Labari ya yi daɗi. Daɗin ne ma ya dame ni. Wanda ya sha nonon mace, me kuma ya sha a wurinta? Kuma in abin babu komai, me ya hana shi faɗa?

Cocin ranar tana kan tudu, ta jan bulo, ƙasa da ita kogi ne mai faɗi kamar ba shi da ƙetare. Kaburbura sun kewaye ta, duwatsun sun yi baƙi, wasu sun karkace. Ni na tsaya daga bakin ƙofa. Almu ya tuɓe takalminsa ya jera, Martha ta yi tsaki ta shige da nata a ƙafa. Na zuba ido. Ya kama wuyan hannunta ya kai yatsunta cikin wani ɗan kwanon dutse mai ruwa, ta shafa a goshi da ƙirji. Na duba nasa yatsun, ban ga sun jiƙe ba, amma wurin da duhu. Ya durƙusa a gefen benci, gabana ya faɗi, ashe wani katako yake sauko mata da shi ta ɗora gwiwa. Ya koma baya ya tsaya. Leɓensa na motsi. Me yake karantawa, ban ji ba.

Da ta gama, ya ja ta gaban gunkin Maryamu inda aka jera kyandir. Ta so ta kunna ɗaya, ta kasa. Sai ya karɓi tsinken ya kunna mata. Wannan kam da idona na gani.

Azahar ta yi, ya ɗauko buta da darduma daga bayan mota ya yi salla a kan ciyawa. Dardumar ta sha jiki, kuma bai tsaya neman alƙibla ba, ya san inda take. Amma na ce a raina, ai ya san ina kallo.

Yana sallar ne Martha ta juyo da fuskarta wajena.

"Hajiya, kaji kika zo saya ko bincike?"

Na ce duka biyun.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce tun yana yaro take fama da shi kan takalmin nan, babu mai tuɓewa a coci, Turawa har tuntuɓe suke yi da shi, amma ya ce shi ƙafarsa ba ta iya shiga ɗakin ibada da takalmi. Sannan dariyar ta ɗauke. "In ni ce na tare masa hanya, ki gaya wa ƙanenki na daina zuwa. Allah na nan a gidan tsofaffi ma."

Ashe ya sallame yana jin mu. Ya naɗe dardumar, bai kalli kowa ba. "Gwaggo, ba a tambaye ni ba shi ya sa ban faɗa ba. Amma Asabar ta Inna ce, ko da auren ko babu."

Mun sayi kajin a hanyar dawowa. Babu wanda ya yi wata magana sai su.

Washegari Kamal ya kai ni Springfield, gidan Malami. Na zayyana wa Malami komai, ruwan, durƙuson, leɓen da ke motsi, kyandir, sallar, ban rage ba ban ƙara ba. Sadiyya na kicin, na ji ta kashe famfo. Malami ya daɗe yana kaɗa ƙafa. Ya ce kyandir ɗin nan bai kwanta masa ba. Na ce ni ma haka. Ya ce, "To Yaya, ke me kika gani?" Na ce na ga mutumin da ba ya yar da tsohuwa, kuma 'yarka ma za ta tsufa. Abin da ke cikin ƙirjinsa kuwa ba a ba ni ido in gani ba.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya kai maganar wurin liman, ya kira gida, ya sa aka je ƙauyen aka tabbatar akwai Martha, akwai Raymond, akwai katangar. Duk da haka sai da ya yi wa Almu tarko. Ya aika cewa ya ba shi Sadiyya, amma ɗaurin aure ranar Asabar da hantsi, don ya ga wanne zai saki.

Amsa ta dawo ta bakin Kamal. Almu ya gode, ya yi addu'a, yana kuma roƙon Alhaji Malami ya yi masa alfarma a mayar bayan la'asar, da safe yana da tafiya.

Malami ya kira ni a waya yana huci, wai in ji rainin da na jawo masa. Na bar shi har ya gaji. Can ya ja numfashi ya ce in gaya wa mata su shirya abincin yamma.