Sunan Ɗiyar Fari

Matso kusa ka ji, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Shekarun fari da yunwa na zamanin soja, muna zaune a wani ƙauye gefen Urafane, ni da ƙanena da matarsa, gida guda. Ɗiyarsu ta fari ta kai shekara huɗu ba ta ce uffan ba, ba ta kallon idon kowa. Wuni take gindin rumbu tana jera ƙwallon aduwa, ka goce guda, unguwa ta ji kuka. Mu kuwa sai yabo: "Kai, yarinyar nan da kunya take!"

Ranar da kamiyo, babbar motar nan, ya kawo jar dawar taimako, kowa ya tafi layi, ita kuma ta bi awakin makiyaya. Sai la'asar aka gan ta zaune bakin tsohuwar rijiya, nan kusa da inda ubanta ya tsaya yana ƙwala mata kira har muryarsa ta dushe. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ni da ko kasuwa ba na zuwa, sai ga ni a likitar Tasawa tare da uwar da yarinyar. Madam ɗin da ta duba yarinyar ta karkaɗa makullai, yarinya ta juya. Ta ce ba kurma ba ce, ba kuma iska ba. Ta faɗi wani suna da Faransanci, yanzu nake jin rediyo na cewa galahanga. Ta ce akwai masu koya wa irin yaran nan, amma ba a ƙasarmu nan ba, ita ma a takarda ta karanta. Abin da ta riƙe kaɗan ne: a durƙusa gabanta, a kira sunanta, in ta waiwayo ko ƙiftawar ido ce, a ba ta abin da take so. Kullum.

"To, uwa, kira ta in gani."

Matar ƙanena ta sunkuyar da kai. Na ce, "Madam, ɗiyar fari ce fa. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba."

Madam ta yi dariya. "Ni ma ta fari ce, har gobe inna 'ke' take ce mini. Amma ni in an ce 'ke' ina juyowa."

Muka dawo, na ɗauki aikin da 'yar magarya a bakin zane. Na yi ta kira har uwar ta fara tsokanata: "Yaya, gwiwarki za ta ƙare kafin magaryar."

Na mayar mata da wasan dangin miji: "Matata, yi dariya. Gobe in kun shiga daji tsinkar tafasa, ni za ki ɗauka a baya in kira miki ita?"

Ta daina dariyar. Ƙanena ya riga ya tafi cin rani, dajin kuwa ita kaɗai ke shiga da yarinyar.

Wata safiya ina tankaɗe sai na ji murya bayan zana, ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Uwar ce a durƙushe, tana faɗin sunan. Na yi kamar ban ji ba. Maƙwabta dai sun ji, har wata tsohuwa ta ce duniya ta ƙare. Uwar ta ce, "Iya, kunya ba ta fiddo yaro daga rijiya."

An fi wata biyu kafin yarinyar ta waiwayo. Ba ni ta waiwaya wa ba, duk wahalata. Muka aika a gaya wa madam, aka ce an sauya mata gari, wanda ya gaje ta bai san zancen ba.

Ta girma, maganarta ba ta wuce 'yan kalmomi ba, amma in uwarta ta kira, tana tsayawa. Mu mun yi sa'ar mace guda da ta karanta takarda guda. A garinku fa, in aka haifi irinta, wa uwar za ta je ta tambaya?