Furannin hanyar Kumbungu

Ni ba mai yawo ba ce. A bar ni a tsakar gidana a unguwar Aboabo da tukunyar kokona, maƙwabta suna shigowa muna hira, na gode Allah. Maigidana ne, tun da ya bar koyarwa ya fara cin fansho, ya samo wata sana'a da ba ta cika cikin kowa: duban furannin daji. Wani abokinsa ticha, mutumin kudu da ke zaune a unguwar Vittin, shi ya sa masa wani abu a waya. Ka ɗauki hoton ciyawa, wayar ta faɗa maka sunanta da Turancin da ko Bature sai ya yi tari kafin ya furta. Dattijo da furfura, ya durƙusa a bakin kwalbati yana gaida abincin akuya!

Ban damu ba, sai da 'yarmu ta haihu. Tana aure a wani ƙauye a hanyar Kumbungu, gidan masu shanu. Mace aka samu, kuma surukinmu ya girmama mu, ya aiko cewa Baba ya zo ya zaɓi suna da bakinsa. Na zaunar da maigida na ce abu ɗaya nake roƙo, a sa sunan mahaifiyata. Ta rasu ba ta ga jika ko ɗaya ba, kuma a duk dangi babu mai sunanta. Ya ce an gama.

Ranar suna muka hau babur da sassafe, ni a baya da kwanon ƙosai a cinya. Ƙarshen damina ne, gefen hanya ya yi fure kamar da gangan. Ko gidajen gari ba mu gama wucewa ba ya taka birki.

"Hajiya, dubi wannan ruwan ɗorawar."

"Malam, tafasa ce. Jiya ka ci ta a miya."

"Ai wannan sunan gida ne. Bari ki ji na ainihi."

Ya karanto wani abu mai kama da kukan kwaɗo. Muka tafi. Can gaba duman rafi ya shimfiɗe a bakin fadama da shuɗin furensa, ya sake tsayawa. Na ce liman ba zai jira mu ba. Ya ce minti ɗaya. Na san mintinsa, a cikinsa ake dafa wake.

Na ukun ne ya kashe ni. Wani ɗan fure ja a gindin dawa, wai bai taɓa ganin irinsa ba, wayar kuma ta ƙi magana don babu sabis. Sai ga mijina a tsakiyar gonar mutane, babbar riga a kafaɗa, ya ɗaga waya sama yana juyi. Wata mai tallan nono ta tsaya kusa da ni, ƙwarya a ka.

"Mma, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ƙalau. Karatu ne ya yi masa yawa."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wuce. Na ƙwala masa kira har muryata ta dushe.

Tun daga bakin ƙauyen na hango fatar rago a shanye. Liman yana da wani sunan a gaba, ya jira har ya gaji, dattawan gidan suka ce a sa sunan gwoggon uban jaririyar. Matar tana nan da ranta, zaune a kan tabarma tana karɓar barka, haƙora duk goro. Maigida ya shiga cikin maza yana ba da haƙuri, wai hanya ce ba kyau. Har da ƙaiƙayin ciyawa a wandonsa.

'Yata ta miƙo mini jaririyar tana kallon ƙasa. Da an sa sunan mahaifiyata, da Inna zan riƙa kiranta, don ba a kama sunan uwa. Na sa bakina a ɗan kunnenta na ce, "Inna, sannu da zuwa." Gwoggon ta ɗago kai ta ce me na ce? Na ce addu'a nake yi.