Waƙar Gishiri da Ta Fita Daga Shagona

Wasu shekaru can baya, zamanin da wayar China mai memori da ƙaton lasifika ta cika Lafiya, ina da ɗan shago a bakin titi a Bukan Sidi. Gyaran waya da kwamfuta nake yi, amma abin da ya fi kawo mini mutane shi ne turi. Mutum zai miƙo maka memori ya ce, "Injiniya, cika min." Shi ba ya zaɓar waƙa, kai ma ba ka zaɓa masa. Akwai wata folda a kwamfutata da na sa wa suna Sabbin Shiga, duk abin da ya faɗo hannuna can nake zubawa, waƙoƙin fim, na Indiya, na coci, wa'azi, barkwanci, har da kukan jariri da ake sawa a kiran waya. Sai in kwashe gaba ɗaya in juye wa mutum, ya tafi yana murna. Injiniyancin kuwa ban taɓa ganin ƙofar makarantarsa ba, wata shida kawai na yi a gaban wani mai gyara, amma tunda an ba ni sunan ban mayar ba.

A shekarar ne mahaifina ya rasu. Mahaifiyata kuwa mace ce irin ta da. Agushi take sayarwa a kasuwa, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba. Malam take cewa. Ko yaron maƙwabta da ya ci sunan, "mai sunan Malam" take kiransa. Ni ma da nake ɗanta na fari ba ta kama sunana, "kai wannan" ne sunana a wajenta har na yi gemu. Da aka yi rasuwar ban ga hawayenta ba. Ta yi takabarta, ta fita, ta koma kasuwa, har a raina na ce lallai Inna akwai dauriya.

Wata rana da la'asar na koma gida ɗauko caja. Ƙofa a buɗe take, na shiga ba sallama. Sai na jiyo murya daga bayan ɗakin girki, inda take zama tana ɓarar agushi. Waƙa take yi. Waƙa dai ba baƙuwarta ba ce, tun muna yara ba ta daka ko tankaɗe baki rufe, amma wannan ban taɓa jin irinta ba. Ta kira sunan mahaifina, sunansa na yanka, sau uku a jere. Sannan ta ce:

"Ka tafi ba sallama,
ka bar mini buta da tabarma,
yau wa zai ce mini gishiri ya yi yawa?"

Muryar tana rawa, tana jan hanci, ɓawon agushi yana ta ƙas-ƙas a faranti. Duk wanda ya san gidanmu ya san zancen gishirin nan, don mahaifina ba ya gama cin tuwo bai yi ƙorafinsa ba, ita kuma ba ta taɓa ragewa ba.

Mai hankali da ya ji haka zai juya ya fita a hankali. Ni kuwa sabuwar waya ce a aljihuna, kwana biyu da saye, ban ma gwada rikodarta ba. Na laɓe a jikin katanga na danna. A lokacin na gaya wa kaina wai don tarihi nake yi. Gaskiyar magana, rabi tausayi ne, rabi kuma ɗoki na son in ji yadda wayar ke ɗaukar murya.

Bayan kamar sati guda wayar ta fara sandarewa, halin 'yar China. Na yi mata abin da nake yi wa ta kowa, na juye memorin cikin kwamfuta, na wanke shi, na ci gaba da harkokina. Inda hannuna ya saba zubawa nan ya zuba, ban ko duba ba.

Mu uku ne muke haɗuwa duk Asabar da rana a gindin mangwaron bayan shagona, mu sayi gasasshiyar doya da manja, mu yi musayar filas ɗin da muke ajiye kayan turi a ciki, kowa ya kwashi sababbin kayan ɗan'uwansa. Ɗaya abokina ɗan ƙabilar Eggon ne, Hausarsa ba ta gama nuna ba, yana da kafe na intanet a cikin gari. Ɗayan kuma a ɗakin kwamfuta na makarantar noma ta Shabu yake aiki, kullum a kan mashin yake zuwa, kuma ya fi mu karatu, shi ya sa ba ya barin kowa ya gama magana.

Asabar ɗin da nake ba ku labari, kusan wata biyu ke nan da juye memorin. Musu muke yi a kan wani fim da muka kalla, inda aka bi sawun mutum ta wayarsa har aka kama shi. Mai kafe ya ce ƙaryar fim ce. Na Shabu ya ajiye doyarsa ya ce, "Ba ƙarya ba ne. Duk abin da ka sa a cikin na'ura ya tashi daga naka. Imel ɗin nan da kuke gani, kamar wasiƙa ce ba ambulan, duk hannun da ta bi zai iya karantawa."

Mai kafe ya yi dariya ya ce, "Abeg, wane hannu? Mutanen Lafiya ma ba ya rufe imel nasa. Lokaci ya ƙare, ya tashi ya tafi, ya bar komai a buɗe. Ni na san wanda yana son wa a garin nan, na san wanda yana neman biza. In na buɗe baki, aure goma zai mutu kafin magariba."

Na Shabu ya ce ai abin da yake faɗa ke nan, mu masu wannan sana'a mun fi boka sanin asirin mutane, kuma babu wanda ya rantsar da mu.

Nan fa na gyara zama, don dama ina jiran inda zan yabi kaina. Na ce, "Ku dai ku ji da kanku. Ni shagona kabari ne. Matan aure suna kawo mini waya, 'yan siyasa suna kawowa, ba a taɓa jin abin wani ya fita ta hannuna ba. Kuma wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai dame shi?"

Ban rufe baki ba wayar mai kafe ta yi ƙara a aljihunsa, da irin lasifikar nan da ake ji daga tsallaken titi. Sunan mahaifina na ji, sau uku, da muryar mahaifiyata.

Na ajiye doyar da ke hannuna. Ina kallon mai kafe yana lalubar aljihu, muryar tana cewa "ka bar mini buta da tabarma", na Shabu kuma yana tafa hannu yana cewa, "Kai ma Gishiri ka sa? Ɗalibanmu sun haukace a kanta. Wani ma ya ɗora mata kiɗa a ƙasa."

Mai kafe ya kashe kiran ya ce, "Wannan mama ya iya waƙa fa. Yana kuka, yana maganar gishiri. Duk 'yan acaɓa na tasha shi ne ringin nasu."

Da ƙyar na ce, "A ina ka samo?"

Ya ce, "A filas naka mana. Ba kai ne oga na sababbin kaya ba?"

Na tashi na shiga shago. Na buɗe Sabbin Shiga na gangara ƙasa. Ga shi nan, ba ko suna, lamba ce kawai, yana zaune tsakanin wata waƙar Indiya da kukan jariri. Kusan wata biyu duk wanda ya ce "cika min" na cika masa har da mahaifiyata. Da hannuna, ina fito.

Suka biyo ni ciki. Da na gaya musu ko wace ce, mai kafe ya dafe kai ya ce "Yesu", ya zaro wayarsa ya goge a gabana. Na Shabu ya leƙa allon kwamfuta. Ya ce, "Ko ka goge wannan, ka san ba ka goge komai ba, ko?" Na sani sarai.

Duk da haka sai da na yi haukan. Kwana uku ina zagaya shagunan masu turi ina roƙo su goge. Na je tashar 'yan acaɓa na ce ƙwayar cuta ce a cikin waƙar, tana cinye memori. Wasu suka goge, wasu suka ce in cutar ta cinye sa sayi wani. Wani direba ya ce mini shi can garin Adogi ma aka tura masa ta bulutut ranar kasuwa. Nan na san ruwa ya riga ya zube a yashi.

A kwana ukun nan ina komawa gida ina cin tuwonta, ina kasa haɗa ido da ita. Ina ta addu'ar Allah Ya sa kada ta ji, kamar ba a kasuwa take wuni ba.

Rana ta huɗu na kasa. Na same ta a bayan ɗakin girki da farantin agushi, na durƙusa, na fara kame-kame. Na ce, "Inna, akwai wani kuskure da aka yi a shago."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gishiri?"

Wallahi wannan ya fi na gindin mangwaro gigita ni. Na ce, "Kin ji?"

Ta ce, "Yau sati uku. A kan mashin nake, daga kasuwa, da buhuna a gaba. Wayar mai mashin ta yi kuka, sai na ji kaina. Ya ce mini, Mama, kin san wannan waƙa? Tana ba da dariya. Na ce ban sani ba." Ta watsa ɓawo gefe. "Washegari mai manja ta kusa da ni ta ce, ashe haka kike son Malam. Ƙanwar ubanka ma ta aiko a tambaye ni ko lafiya nake."

Na ce, "Me ya sa ba ki yi mini magana ba?"

Ta ce, "Ina jira in ga ko kai za ka yi. Wa ke shigowa gidan nan ba sallama in ba kai ba?"

Na fara rantse-rantse cewa ba da gangan ba ne, na'ura ce, folda ce, kaza ne. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Kai wannan. Shekara talatin da ɗaya ina gidan mutumin nan, ko shi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ranar da na kira, na ɗauka daga ni sai Allah. Ashe kana bayan katanga."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Da ma ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce in tashi in tafi shago, kada masu jira su gaji. Da yamma aka kawo mini tuwo miyar kuɓewa, na kai loma, babu gishiri ko ƙwaya. Na cinye tas.

Waƙar ta yi zamaninta ta wuce kamar yadda kowace ke wucewa, wata ta fito aka manta da ita. Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta je kasuwa ba, sannan ta koma. Ta yafe mini, da bakinta ta faɗa da sallar layya ta zagayo. Sharaɗi ɗaya ta sa, in zan shiga wajenta in bar "abin nan" a waje. Har yau da nake da furfura, a cikin takalmina nake sa waya a bakin ƙofarta.

Na daina turin kwashi-kwaraf tun daga lokacin, kuma ba na buɗe abin kowa sai yana tsaye a kaina. Abokina na Shabu ya daɗe da barin gari, amma maganarsa tana nan, abin da ka sa a na'ura ya tashi daga naka. Sai dai ni abin da na koya ya fi wannan ciwo, domin abin da na sa ɗin tun farko ba nawa ba ne. Yanzu in na ji matasa suna cewa ai wanda ba shi da laifi ba ya tsoron a ji sirrinsa, sai in yi shiru, don na taɓa faɗar haka da bakin nan. Mahaifiyata ba ta da laifin komai. Mijinta kawai take kewa.

Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, tana ɓarar agushinta a inda ta saba. Amma tun daga ranar da ta hau mashin ɗin nan ban sake jin ta yi waƙa ba, ko ta daka, ko ta rarrashin jika. Kwanakin baya 'yata ƙarama ta tambaye ni, "Baba, Kaka ba ta iya waƙa ba ne?" Na ce ta iya, duk unguwar nan babu kamarta. Ta ce, "To wa ya hana ta?"

Na dubi takalmina a bakin ƙofa, na ce mata ta je ta wanke hannu, abinci ya sauka.