Bayan da ya goyi Zuwaira

Assalamu alaikum. Kun saba ganin hotunan ƙofofi da tagogi a shafin nan. Yau wata magana ce, wadda na rufe bakina a kanta tun shekarun casa'in.

Ni Lawali mai walda, na Madarumfa. Ban gaji ko guduma ba. A aji uku na kwaleji na tsaya, don babu mai biya. Da hannuna na sayi injin walda, na gina shago, na gina gida, na auri Rabi ba wanda ya ba ni ko dala.

Da Rabi ta samu ciki, na ƙera gadon jariri na ƙarfe, irin wanda na gani gidan wani ma'aikaci a Maraɗi. Na shafa masa shuɗin fenti. Duk unguwarmu babu mai irinsa.

Rabi ta zagaya shi, ta yi dariya. Ta ce, "Maigida, ya yi kyau. Amma jariri ba gado yake so ba, baya yake so."

Ta haifi Zuwaira. Zazzaɓin jego ya ɗauke ta kafin arba'in.

Yayar Rabi, Haɓsu, ta zo daga Gabi da nata jaririn a baya, ta shiga shayar da su biyun. Uwata ta daɗe da rasuwa, ba ni da wata mace a gida.

A lokacin ne tumbuɗin ya fara. Zuwaira ta sha nono, a kwantar da ita a gadon, kafin a juya nonon ya dawo ta baki, wani lokaci har ta hanci. Ta sandare, ta banƙare baya, ta yi kuka har muryarta ta dushe. A ɗaga ta, ta yi shiru. A mayar, a koma.

Na sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai. Sai ta zame ta dunƙule a ƙasa.

Mata suka ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Haɓsu ma ta roƙe ni. Na ce yarinyar da ba ta riƙe nono ba, ba za a zubar mata da jini ba. Aka ce girman kai ne. To, a ce.

Duk ranar awo a asibitin garinmu, ɗan Haɓsu yana hawa a sikeli, tawa tana nan inda take. Wuyanta kamar na ɗan tsako.

Wata rana da hantsi ta ƙware. Leɓenta ya sauya kala, ƙirjinta yana ƙugi. Muka yi Maraɗi. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗibi jini, aka sa mata ruwa ta jijiyar kai don ba a samu ta hannu ba. Nono ne ya shiga huhu. Na sayar da babur ɗina na sayi allurai, ga shi shekarar da aka karya darajar sefa ce, magani ya yi tsada.

Likitan ya ce, "Bakin tumbinta ne bai gama ƙwari ba. Zai gyaru da girma, in ta kai. A ba ta kaɗan-kaɗan, a riƙe ta a tsaye bayan ta sha."

"In ta kai." Wannan kalmar na ɗauko na dawo da ita gida.

Haɓsu baya ɗaya gare ta, kuma da mai shi. Ta dube ni ta ce, "Lawali, wa za mu samu?"

Na buɗe akwatin Rabi na ɗauko zanenta. Na ce, "Yaya, koya mini ɗaurin."

Ba a walda da goyo, tartsatsi ba ya barin kowa. Shago ya koma rabin yini. Da ta sha nono a ɗora mini, in bi bakin tabki ina tafiya har ta yi barci.

Masunta suna gyaran koma suna kira, "Sannu da goyo, Hajiya Lawali!"

Wani ya ce, "Yaushe za ka fara wankan jego? Mu kawo itace."

Abokaina na fada, wurin hirarmu, suka daina matsa mini wuri. Sunan Mai Goyo ya bi ni har kasuwar Ɗan Issa. Ni da ba a taɓa yi mini dariya in ƙyale ba, na wuce abina, don numfashinta yana dukan wuyana, ɗumi-ɗumi, kuma ba na so ya katse.

Sannu a hankali sikeli ya motsa. Da ta fara zama, tumbuɗin ya ragu. Wata azahar na kwantar da ita a shuɗin gadon, na tsaya da tsumma ina jira. Ba abin da ya dawo. Ta yi barcinta, hannuwa a sake.

Na juya in kira Rabi ta gani.

Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Iyaye, ku ji. Tumbuɗi kaɗan ba ciwo ba ne. Amma in yaro ba ya ƙara nauyi, ko yana ƙwarewa, ko aman kore ne ko da jini, ku tafi asibiti, ba wurin wanzami ba. Ku sa shi ya yi gyatsa, ku riƙe shi a tsaye bayan shayarwa. In zai yi barci, likitocin yanzu sun ce a kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba bulo.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan nan da ban riƙe sunansa ba. Allah ya jiƙan Rabi, ya jiƙan Haɓsu.

Makon jiya aka yi sunan ɗan Zuwaira. Ina jin mata ta bayan katanga suna cewa Haɓsu ce ta raine ta. Gaskiya ne, nonon na Haɓsu ne, ba zan taɓa biyanta ba.

Amma bayan nawa ne. Waɗanda suka gani sun kusa ƙarewa, shi ya sa na rubuta.

A rubuta sunana yadda masunta suka raɗa shi: Lawali Mai Goyo.